Gawon bakin hanya, da hotunan da ba ma ɗauka

Akwai tambayar da na sha amsawa a bakin hanya har na gaji, shi ya sa yau na ce bari in amsa ta a nan gaba ɗaya. Duk lokacin da na tsayar da babur na fito da waya na saita gona, ko dutse, ko hadari, sai wani ya matso ya leƙa ya ce, "Malam, wa kake ɗauka?" Ba ya cewa me, wa yake cewa. Domin a wajenmu hoto na mutum ne. In babu fuska a ciki, an yi asarar caji.

Ku buɗe wayoyinku ku duba. Biki, suna, ɗinkin Sallah, amarya ta juya baya, ango ya gyara hula. Ban ce a daina ba, ni ma tawa cike take da su. Amma a cikin hotuna dubu nawa za ka samu wanda ya nuna yadda garinku yake a tsakiyar marka? Ko yadda bayan gidanku yake kafin a yanka shi fuloti? Wannan shi ne abin da ke damuna, kuma ya daɗe yana damuna.

Ni ba sana'ata ba ce hoto. Ban taɓa karɓar ko sisi a kansa ba. Abin ya faro ne daga wani gawo da ke tsakiyar wata gona a hanyar ƙauyenmu, kudu da Kano. Wata ranar bazara zafi ya ishe ni na raɓe a inuwarsa, na ga duk duniya ta bushe ta yi fari fat, ciyawa babu, kuka ta tsaya tsirara kamar an kife ta saiwa a sama, amma shi gawon nan kore shar, awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Na ɗauka. Da damina ta yi nisa na sake biyowa, na tarar abin ya juye: gero ya kai ƙirji, ko'ina kore, shi kuwa ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya furu-furu kamar matacce. Na koma daidai inda na tsaya da farko na sake ɗauka. Da na jera hotunan biyu a gida na daɗe ina kallo. Na san halin gawo tun ina yaro, kowane ɗan ƙauye ya sani, amma ban taɓa ganinsa da idona haka ba sai ranar.

Mai gonar wani dattijo ne. Karo na uku da ya gan ni ya jingine fartanya ya taho. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, itacen nan nake ɗauka, ban nemi izini ba." Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido, na riƙa ja masa hotunan da yatsa. Ya ce, "Yaro, ai wannan ya girmi ubanka. Ka ga geron gindinsa? Ko taki ban zuba ba ya fi na ko'ina tsawo." Ya yi mini bayanin da babu littafin da ya yi mini: ganyen da yake zubarwa farkon damina shi ne takin, ba ya tare wa shuka rana a lokacin da take buƙatarta, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Daga ranar na mayar da abin al'ada. Duk wata sau ɗaya, wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya, na sa wani dutse alama.

A nan na gane cewa masu cewa ƙasarmu yanayi biyu gare ta, rani da damina, ba su tsaya sun kalla ba. Iyayenmu huɗu suka ƙirga, bazara, damina, kaka, hunturu, kuma kowanne da haskensa. Hasken bazara mai kaifi ne, da hantsi ya ɗaga komai sai ya wanke, ba ka da hoto sai da sassafe ko da la'asar sakaliya. Amma a ƙarshenta ne ake samun abin da na fi so a duk shekara: hadarin farko. Gabas ta yi baƙi ƙirin, rana tana yamma tana haska busasshiyar ƙasa ta yi ja, shamuwa ta riga ta iso ta hau bishiyoyin gari, sannan iska ta taso da jar ƙura a gaban ruwa. Minti goma ne ko ƙasa da haka. In ka tsaya neman takalmi ya wuce ka. Bayan ruwa biyu uku sai yabanya ta fito a kan kunya layi-layi. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, kore iri-iri ne, na gero daban, na gyaɗa daban, na shinkafar fadama daban. Kaka ta zo da ruwan ɗorawa, dammunan gero a jingine, jakuna da amalanke, rumbu an yi masa sabuwar jinka.

Sai hunturu, wanda a kansa nake da magana da 'yan uwana masu ɗaukar hoto.

Mutane da yawa in hazo ya sauko sai su ajiye kyamara, wai sama ba ta da kyau. Waɗanda suka ɗauka kuma sai su shiga manhaja su cire farin saman su liƙa shuɗi da gajimare, su murɗa kore har ganyen darbejiya ya koma kamar fenti. Na ga hoton Dala an yi masa haka, sama shuɗiya tas a watan Janairu, har da wasu duwatsu a baya waɗanda babu su a Kano. Wallahi abin ya ɓata mini rai. Hazon nan namu ne. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso shi daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, inda a da can ruwan babban tafki ya kwanta ya bushe ya bar gari mai laushi. Tun daga Nuwamba har wajen Maris yana zuwa yana tafiya. Shi ne ke mayar da rana kamar faranti, har ka dube ta ido da ido da safe. Ka hau Dala a irin wannan safiya ka dubi Gwauron Dutse: gidajen kusa a fili, na tsakiya sun dushe, hasumiyoyin masallatai na nesa suna yawo a cikin fari kamar ba a ƙasa suke ba. Wanda ya goge wannan ya sa saman wata ƙasa, me ya rage na Kano a hotonsa? Gyara haske kaɗan, ko miƙe hoton da ya karkace, babu laifi, ni ma ina yi. Amma ka sa abin da babu, ka cire abin da ke akwai, sannan ka rubuta sunan gari a ƙasa, wannan shaidar zur ce. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ana zana ƙauyen Hausa da bukkoki irin na wasu ƙasashe ana yaɗawa, mutanenmu na ta "Masha Allah" a ƙasa. Nan da shekara ashirin yaro zai nemi yadda ƙasarsa take a intanet, waɗannan zai tarar, in mu ba mu ajiye na gaskiya ba.

Kada wani ya ce abin wasa ne. Dalar gyaɗa ta Kano, buhu a kan buhu har sama, yau ina take? Ba don hotunan da suka rage ba, da yaran yanzu sun ce tatsuniya ce. Badala da muka taso muna hawa, wurare da yawa ta zama shaguna da gidaje. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, wadda ke tsaye yanzu sabon gini ce. Kududdufan cikin birni da ke shanye ruwan damina, ɗaya bayan ɗaya ana cike su ana gini, sannan ruwa ya rasa wajen zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Mu da muka gan su da idonmu, wayoyi a aljihu, mutum nawa ne a cikinmu ya tsaya ya ɗauka? Baƙo in ya zo kwana uku zai yi, ya ɗauki hawan Sallah da marinar Ƙofar Mata ya hau jirgi. Ba zai dawo wata goma sha biyu a jere ya tsaya a kan dutse ɗaya ba. Wannan aikin ɗan gida ne kawai zai iya.

Kuma ba ya buƙatar kyamarar miliyoyi. Wayar hannunka ta isa in ka kula da abubuwa kaɗan. Ka goge idon kyamarar da gefen riga kafin ka ɗauka, rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon yatsa ne. Kada ka ja hoto da yatsu don ya matso, kai ka matsa da ƙafarka. In sama ta yi haske da yawa ka taɓa ta a fuskar wayar ka ja hasken ƙasa kaɗan, gajimaren zai fito. Ka sa wani abu a gaba, rumbu, ko reshe, ko hanyar shanu, don ido ya san ta inda zai shiga. Da damina ka riƙe leda a aljihu. Mai babbar kyamara kuma kada ya kuskura ya canza gilashi a fili ranar da ake buji, ƙurar za ta shige ciki ta zauna.

Ga mai halin tafiya, lokaci ya fi wuri muhimmanci. Gurara, a jihar Neja, in ka je a Agusta ko Satumba ruwa ne ja mai ruri, feshinsa na jiƙa ka daga nesa. Ka koma a Fabrairu ka tarar da duwatsu a fili da ruwa siriri mai haske, kamar ba wuri ɗaya ba. Yankari kuwa akasin haka, da damina ciyawa ta rufe komai, sai rani ya yi nisa dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru lokacinta hunturu ne, sa'ad da tsuntsaye ke tsallako Sahara daga Turai su sauka. Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma mu da ke kusa kaɗan ne muka taɓa shiga kwalekwale muka gani. Ko nan Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ka je da asuba ka ga masunta na fitowa daga cikin hazo.

Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai wuraren da raina ke so ƙafata ba ta zuwa. Dutsen Kwatarkwashi na cikinsu. Halin tsaron da ake ciki ya hana mu dazuzzuka da hanyoyi da yawa, kuma babu hoton da ya kai ran mutum. Ko a inda ake zaman lafiya mutane a tsorace suke, suna da gaskiya. An taɓa tsare ni a wani ƙauye kusan awa guda ana bincika wayata, don an gan ni ina ɗaukar gada. Ban ji haushinsu ba. Tun daga ranar, in na shiga gari sai na fara gaida mai unguwa ko dattawan da ke zaune a bakin masallaci, in faɗi ko ni ɗan wane gari ne da abin da ya kawo ni. Ba na ɗaukar shingen jami'an tsaro, ba na saita mata a rijiya ko a gona, ba na ɗaukar yaran mutane ba da sanin iyayensu ba.

Wani abokina ya taɓa yi mini maganar hukuncin hoto. Na ce masa saɓanin malamai a kan mai rai yake, kuma ni ba malami ba ne da zan shiga. Amma ya tabbata cewa Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce wa mai sana'ar zane in ba makawa sai ya yi, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Kuma a Suratur Rum, aya ta 50, an umarce mu mu dubi alamun rahamar Allah, yadda yake rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Duk wanda ya jera hoton fako a watan Afrilu da hoton wurin nan a watan Yuli ya ga fassarar ayar da idonsa.

Abu ɗaya nake roƙo ga wanda zai fara: ka adana. Shekaruna biyu na farko na gawon nan sun tafi da wayar da aka ƙwace mini da almuru, don ban ajiye su ko'ina ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ka zuba su can, ka kuma sa a kwamfuta ko memori. In za ka tura wa wani ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba yana matse hoton ya rage masa inganci. Ka rubuta sunan wuri da wata da shekara. Hoto marar suna da kwanan wata rabin amfaninsa ya tafi.

Dattijon nan Allah ya yi masa rasuwa bara, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Magada suka raba gonar, aka sayar da ɓangaren da gawon yake. Watan jiya da na je na hango wurin fayau tun daga kan kwana. Kututture na tarar, da tokar inda aka ƙona gawayi, da tubalan siminti an jibge a gefe. Dutsen da nake tsayawa a kai yana nan, ba su ɗauke shi ba. Na hau na ɗauka kamar kullum. Na wanke guda goma sha biyu daga cikin tsofaffin, ɗaya na kowane wata, ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan kai wa babban ɗansa.