Kitsen jini yana taɓa ido ma

A Tawa ina yawan jin ana cewa kolestarol, wato kitsen jini, ciwon zuciya ne na masu ƙiba, babu ruwansa da ido. Akwai dalilin faɗin haka, don likitoci sun fi ambaton zuciya. Amma maganar tana damuna, domin tana sa mutane sakaci.

A bayan ƙwayar ido akwai jijiyoyin jini sirara ƙwarai. Idan kitse ya daskare a babbar jijiyar wuya, ɗan ɓarɓashi yakan ɓalle, jini ya kwashe shi har cikin ido, ya toshe hanya. Likita Robert Hollenhorst na Amurka ya bayyana wannan a 1961. Siririn mutum ma yana iya samunsa. 

Misali, mutum na zaune a kasuwa, ido ɗaya ya yi duhu kamar an saki labule, bayan ƴan mintoci ya washe, ba zafi. Kada ya ce gajiya ce ko ya nemi tabarau. Yana iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki, sai ya je asibiti a ranar.