A fitar da yaran nan su ga ƙasarsu

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san yadda ake yi wa darasin labarin ƙasa. Malami ya shigo da tsohon littafinsa, ya cika allo da bayanin duwatsun Turai da sunayen manyan kogunan duniya, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Ranar jarrabawa su amayar da abin da suka haddace. Amma ka tsayar da wanda ya fi kowa maki a Kano, ka tambaye shi ina ruwan da ke bi ta ƙarƙashin gadar Wudil yake tafiya, sai ya yi maka zuru. Ni malamin wannan darasi ne, kuma wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ruwan nan fa, kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Daga nan ya ratsa Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canza. Ambaliyar da ke shayar da fadama duk shekara ta ragu, hanyoyin da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa, doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kacalla ta samu wurin zama ta toshe su. Manomin shinkafa ya ji a jikinsa, masunci ya ji, makiyayi ma haka. Yaron da ubansa ke fama da kacalla a gona yana zaune a gabanmu, mu kuwa muna can muna fama da shi ya haddace tsawon kogin Amazon.

Haka hazo. Kowace shekara sai ya rufe gari, leɓɓa su tsage, jirage su kasa sauka, amma yara nawa aka gaya wa cewa mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, wurin da a da can ƙasan wani ƙaton tafki ne? Su nawa suka san dalilin da ya sa ruwa ke sauka a Legas tun muna tsakiyar bazara? Iskar da ke ɗauko laima daga teku ce take turo busasshiyar iskar hamada zuwa arewa sannu a hankali, inda ta iso nan damina ke faɗuwa. Duk ajin da na yi wa wannan bayani sai na ga hannuwa sun tashi, har 'yan bayan aji da ba sa cewa uffan.

Na san abin da ke korar ɗalibai. Tunda darasin na zaɓi ne a babbar sakandare, da sun ji labarin karatun taswira a jarrabawar WAEC da NECO sai su tsere. Ba na ganin laifinsu. Wani bai taɓa riƙe taswira irin ta jarrabawa ba sai ranar da aka ajiye masa ita a kan benci, cike da layukan tsayin ƙasa masu kama da juna. Alhali abin bai kai yadda ake tsoronsa ba. A bayan aji nake tara jiƙaƙƙen rairayi, mu yi tudu, gefe guda a miƙe, ɗaya gefen a kwance. Sai a zagaye shi da zare, kowane zagaye ya ɗara na ƙasa da tsayin yatsu huɗu. Daga nan yara su hau benci ɗaya bayan ɗaya su leƙo ta sama. Da idonsu za su ga zaren ya matsu a gefen da ya miƙe, ya ware a gefen da ya kwanta. Na taɓa jin wata yarinya ta ce, "Au, Malam, ashe shi ke nan?" Daga nan sai a zuba ruwa da buta a saman tudun, a ga inda zai bi.

Inda ruwa zai bi kuwa magana ce ta rai da mutuwa. A watan Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri cikin dare, har Kasuwar Monday da fadar Shehu. An taɓa ganin irin haka a 1994. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa jama'a da alheri. Ban ce darasin aji zai riƙe madatsa ba, wannan nauyin hukuma ne. Amma masu yanka filaye a kwari, da masu cike kududdufi su ɗora gida, da masu sa hannu a takardar, duk ta cikin ajujuwanmu suka wuce.

Za a ce babu kuɗi, ga matsalar tsaro, ga aji ɗaya ɗalibi ya haura ɗari. Gaskiya ne, ni ma a ciki nake. To ai ba cewa na yi a ɗauki hayar mota zuwa Yankari ba. Ɗan Kano yana da Dala da Goron Dutse, ɗan Zariya ga Kufena, na Yusufari ga tuddan rairayi a bayan gari. Wanda duk bai da waɗannan, yana da kwazazzabon da ke cin katangar makaranta duk damina. Ma'aunin ruwan sama kuwa, gorar roba da aka yanke da rula sun isa, a ba yara aikin dubawa kowace safiya suna rubutawa har kaka.

'Yan uwana malamai, mu fara da abin da ke hannunmu. Shugabannin makarantu, don Allah ku daina kallon fita da ɗalibai a matsayin yawo, ku ba mu ko da yini guda a kowane zango. Ma'aikatun ilimi kuma su aiko wa kowace makaranta da taswirar yankinta, ko da kwafi goma ne, tun yaran suna aji ɗaya na babbar sakandare.