Ɗakin taron ƙauye: a hannun wa makulli yake?

Duk lokacin da na ji an ce ɗakin taron ƙauye ya zama tsohon yayi tunda waya ta shiga aljihun kowa, sai raina ya sosu. Wurin ibada na mabiyansa ne, gidan shugaba na shugaba ne, ofishin jam'iyya kuma na 'yan jam'iyya. Ɗakin taro kaɗai ne mai ƙaramin ƙarfi zai shiga ya zauna, ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba, ba tare da yana cikin inuwar kowa ba.

Ba don ado aka fara gina irin waɗannan ɗakuna ba. A ƙasar Denmak, na farko ya tashi ne a ƙauyen Ryslinge a 1871. Da rikici ya yi zafi tsakanin manoma da gwamnati a shekarun 1880, aka riƙa hana su taron siyasa a makarantu. Me suka yi? Suka yi karo-karo, mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai ƙarfi ya ba da ƙarfinsa, suka gina inda ba wanda zai ce musu ku tashi. A Amurka ma haka: ƙungiyar manoma ta Grange, wadda Oliver Kelley da abokansa suka kafa a 1867, ta cika karkara da ɗakunan taro. A nan manoma ke haɗuwa su yi lissafin yadda kamfanonin jirgin ƙasa ke tsuga musu kuɗin dakon hatsi, har matsin lambarsu ya sa wasu jihohi suka yi dokar ƙayyade farashin. Kuma tun farko mata cikakkun mambobi ne, suna jefa ƙuri'a a ƙungiyar tun ƙasarsu ba ta ba su wannan dama ba. Wannan ya fi komai burge ni.

A Ingila, bayan yaƙin duniya na farko ya ƙare a 1918, ƙauyuka da yawa sun gina ɗakin taro don tunawa da 'ya'yansu da suka mutu a fagen daga. Yau, idan aka haɗa duka, akwai ɗakunan taron ƙauye kusan 10,000 a ƙasar, galibi 'yan sa-kai ke riƙe da su.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗakin da jama'a suka gina da guminsu daban yake da wanda wani babba ya gina ya ba su kyauta. Na biyun ranar buɗewa ce kawai ranarsa. Bayan nan makulli ya koma aljihun mutum ɗaya, wanda sai ka yi ta sintiri kafin ka same shi. Kwano ɗaya ya ɗage, ba mai ƙusa; damina ta zo, silin ya kumbura ya rufto, bencina suka ruɓe a jibge a kusurwa. Kowa ya wuce ya ce ai ba nawa ba ne.

Kuma waya ba za ta yi aikinsa ba. Ranar da ambaliya ta cinye gidaje, ina za a kwantar da mutane? Ma'aikatan riga-kafi na buƙatar tebur da inuwa, akwatin zaɓe na buƙatar inda kowane ɓangare ya aminta da shi, dattijon da ke son koyon karatu na buƙatar allo. Rigimar iyakar gona kuwa, wallahi ta fi saurin mutuwa idan ana kallon juna ido da ido.

Abin da nake so in gani bai taka kara ya karya ba: kwamitin da ake sauyawa, mata da matasa a ciki, makulli a hannun aƙalla mutum biyu, jadawalin masu amfani da ɗakin a liƙe a ƙofa, kuɗin haya kuma a karanto lissafinsa a gaban jama'a duk shekara. Kafin a taɓa ko sisi, a fara ware na gyaran rufi.