Rotari Bai Dawo Ba, A Daina Ruɗa Samari

Tun da Mazda ta baje kolin samfurin motarta Iconic SP a bikin motoci na Tokiyo cikin Oktoban 2023, ta kuma sake kafa sashen injin rotari, wato injin mota da ba shi da fistin, a ranar 1 ga Fabrairun 2024 da injiniyoyi 36, ba mu sake samun sakat ba. Duk shafin motoci da ka leƙa waƙar ɗaya ce, wai rotari ya dawo, fistin ya shiga uku. Da farko na share. Abin ya taɓa ni ne ran da ɗan yayata ya kira ni cikin dare, muryarsa har rawa take: "Kawu, na samu RX-8 'yar Kwatano da araha, ita zan riƙa shiga fili da ita." Kuɗin da ya shekara biyu yana tarawa zai zuba a kan tsohuwar motar Mazda mai injin rotari don wasan gurza mota, saboda bidiyon da ya kalla a waya.

To me ya dawo? Motar da Mazda ta sa wa rotari ta fitar kasuwa a 2023 ita ce MX-30 R-EV. Injin cikinta mai majuyi ɗaya ne, cc 830, kuma ba ya juya taya ko ɗaya. Aikinsa ya ba batir wuta, lantarki ya ja motar. A Hausance, janareta ne. Ita ma Iconic SP da ake ta yi wa kirari, a kan wannan tsarin aka gabatar da ita. Kamfanin da ya fi kowa sanin wannan inji a duniya, wanda ya karɓi lasisinsa tun 1961, ya zaunar da shi inda zai riƙa juyawa a natse ba mai taka masa totur. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai neman motar da zai gurza.

Da ka faɗi haka sai a jefo maka tseren motoci na Le Mans a Faransa. Gaskiya ne, Mazda 787B ta cinye tseren awa 24 a 1991 da inji mai majuyi huɗu, ita ce motar Japan ta farko da ta yi hakan, kuma sai a 2018 Toyota ta biyo sahu. Ina girmama wannan nasara. Amma tatsuniyar da ake ɗorawa a kai, cewa an haramta rotari don ya kunyata Turawa, ƙarya ce. Dokar da ta koma kan injin lita 3.5, ta rufe wa rotari ƙofa, an tsara ta tun kafin a daga tutar tseren. Masu kirarin kuma ba sa faɗa maka cewa an bar 787B ta shiga da nauyin kilo 830, alhali manyan abokan karawarta an ɗora musu kilo 1,000. Sannan injin da tawagar injiniyoyi ta haɗa don kwana ɗaya rak, me ya haɗa shi da wanda ya yi shekara goma sha biyar a hannun mutum huɗu kafin ya sauka a tashar jirgin ruwa?

Matsalar tana cikin ƙirar da Bajamushe Felix Wankel ya fito da ita, wadda kamfanin NSU ya fara tayarwa a 1957. Maimakon fistin mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin rami. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da yake gogar bango, shi ke yin aikin da ringi yake yi a injin fistin. Rayuwar injin gaba ɗaya a kan waɗannan 'yan ƙarafa take. Don kada su cinye, dole injin ya riƙa fesa baƙin mai cikin ɗakin wuta yana ƙonawa da gangan. Ɗakin wutar dogo ne siriri, fetur ba ya ƙonewa tas, shi ya sa inji mai lita 1.3 yake shan mai kamar babbar jif. Gefe ɗaya na ramin kullum cikin wuta yake, ɗaya gefen yana shaƙar iska mai sanyi. Lagireto ya gaza sau ɗaya, ko fetur mara kyau ya sa injin ya yi ƙwanƙwasa yana cikin gudu, shi ke nan an gama. Waɗannan ƙarafa ne suka durƙusar da NSU: motarta Ro 80 ta 1967 ta ci kyautar motar shekara a Turai, amma canza wa masu saye inji kyauta ya tsotse kamfanin, a 1969 Volkswagen ta haɗiye shi. Ita kanta RX-8, sai da Mazda ta tsawaita garantin injinta a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000. A 2010 ta bar kasuwar Turai saboda dokar hayaƙi, a 2012 aka daina ƙera ta.

Na ga ƙarshen irin wannan soyayya da idona. A garejin da nake kai motata akwai wata RX-8 ja da ta kwana biyu a ƙarƙashin dalbejiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashin har yara sun yi rubutu da yatsa. Maigidan garejin, dattijon da ya sauke inji ya fi a ƙirga, ya ɗaga bonet ya nuna mini. "Alhaji, dubi nan. Babu bawul, babu fistin, babu kan silinda. Da sanyi tana tashi, da ta ɗau zafi ka kashe ta, sai dai turi." Ya ce ko na'urar auna matsin injin da yake da ita ba ta karanta wannan daidai, tata daban ce. Yaronsa ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa yana neman kayan gyaranta har ya gaji, bai samo komai ba. Mai motar ya daina ɗaga waya.

Ga wanda ya san tuƙin gurza, a nan maganar take. Ka shiga fili ran Asabar, ka ƙure giya ta biyu da ta uku, ka ƙona taya, ka dawo gida da motarka, Asabar mai zuwa ka sake komawa. Injin fistin yana yi maka gargaɗi kafin ya mutu: hayaƙi, ƙara, cin mai, gasket ya ƙone a canza. Ko ya buga, akwai wanda zai sauke shi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, kayan kuma suna kasuwa. A ƙasar da gidan mai ba ya tambayar ka wane irin fetur kake so, ga zafin Afrilu, ga kuɗin lita tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, wa zai ɗauki injin da ba ya yafe kuskure ko ɗaya?

Masu cewa rotari ne kaɗai ke kai juyi 9,000 a minti su je su tambayi Honda S2000, wadda ta yi hakan da fistin huɗu tun 1999. Masu maganar daɗin ƙara kuwa, ƙara ba ta fitar da mota daga kwana. Nissan 350Z, sa'ar RX-8, ta fi ta ƙarfin ja nesa ba kusa ba. A Amurka ma, cire rotari daga RX-7, yayar RX-8, a dasa mata injin fistin V8 na Chevrolet ya zama ruwan dare. Kuma motar wasan da Mazda ta sayar fiye da miliyan ɗaya, MX-5, fistin ne a cikinta tun 1989.

Masu shafukan nan su ji tsoron Allah, su riƙa faɗa wa yara kuɗin gyara kafin su kunna musu ƙarar salansa. Dillalai kuma su daina kiran mataccen inji araha. Ɗan yayata dai na ce masa ya nemi tsohuwar BMW mai silinda shida ko 350Z, ragowar kuɗin ya sa a birki da taya da lagireto mai kyau, kuma ya yi wasansa a killataccen fili, ya bar titin jama'a. Ya ce zai yi tunani, na ce ya zo ran Asabar in kai shi ƙarƙashin dalbejiyar nan tukuna.