Jinyar neman mafita ga mai shaye-shaye ba lallashi ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka wannan salon jinya ta hanyar tattaunawa, wanda masu ba da shawara Steve de Shazer da Insoo Kim Berg suka gina a Milwaukee ta Amurka daga ƙarshen shekarun 1970, lallashi ne kawai: a ce wa mutum komai zai daidaita, a sallame shi. Ba haka ba ne. Mai ba da shawarar yana rage tonon asalin matsalar, ya koma binciken lokutan da ba ta fi ƙarfin mutum ba.

A ce mai shan tiramol ya faɗa cewa ranar Juma'a bai sha ba. Sai a tsaya kan wannan ranar: ina ya wuni, da wa, me ya yi lokacin da sha'awar ta taso? Amsoshin su ne kayan aikin mako mai zuwa. Ana kuma tambayarsa, daga 0 (mafi munin hali) zuwa 10 (matsalar ta kau), ina yake yau. In ya ce 3, ba za a tambaye shi me ya hana 10 ba, sai dai me ya hana shi zama 0, kuma me zai kai shi 4.

Inda ake yawan kuskure shi ne buri irin na "zan daina sha". Bai faɗi abin da zai yi a madadin shan ba, don haka babu abin aunawa a zama na gaba.

Salon kuma ba ya maye gurbin asibiti. Wanda jikinsa ya saba da barasa ko ƙwayoyin barci irin su diyazafam, in ya daina farat ɗaya, jijjiga na iya kama shi har ta yi kisa. Sai likita ya riƙa rage masa a hankali, zaman shawarar na tafiya tare da hakan.