Ba su da suna ne?

Wallahi mai gabatar da shirin wasannin nan na safe ya kai ni bango. Ba zan faɗi tashar ba, kun san shi, mutumin da in ya ja "gooool" sai ki ɗauka gobara ce ta tashi a unguwa. Na yi shiru wancan makon, na ce ko tuntuɓen harshe ne. Yau ya maimaita, to ba tuntuɓe ba ne, hali ne.

Wancan Litinin ɗin, kwana biyu da Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Najeriya, suka ɗauko kofin Afirka a Rabat, bawan Allah ya kwashe kusan duk shirin yana ba mu tarihin Gyökeres. Ya tashi daga Sporting, ya sauka a Arsenal, an ba shi riga mai lamba 14 irin ta Henry, kaza-kaza. Sunan mutumin Suwidin, mai ɗigo biyu a kan harafi, amma Malam ya zauna ya koye shi tsaf, yana lanƙwasa harshe kamar a can aka yanke masa cibiya. Sai da kiɗan rufe shiri ya fara tashi sannan ya ce, a wani labarin kuma, 'yan matan Najeriya sun ci kofi a Maroko, muna taya su murna. Shi ke nan. Yau kuma, bayan D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, sun doke Mali 78 da 64 a Abijan, kofi na biyar a jere, ya gama lissafa mana miliyoyin da Galatasaray ta zuba a kan Osimhen, sannan ya ce 'yan matanmu na ƙwallon kwando su ma sun yi abin kai.

'Yan mata. 'Yan matanmu. Ba su da suna ne, Malam? Ba a yanka musu rago ba?

Bari in taya ka aikinka, tunda abin ya fi ƙarfinka. A wasan ƙarshen nan na Falcons a Rabat, an tafi hutun rabin lokaci Maroko na da 2, mu muna nema, a gidansu, a gaban jama'arsu, ga kocinsu Jorge Vilda wanda ya ci kofin duniya da Sifaniya a 2023. Ni kaina na fidda rai, har na tashi na ɗora ruwan shayi. Esther Okoronkwo ta ci fenareti. Ita ta miƙa wa Folashade Ijamilusi ta farke ta biyu. Ita dai ta bugo bugun tazarar da Jennifer Echegini ta zura a minti na 88. Uku da biyu. Kofi na goma. Kyaftin Rasheedat Ajibade ce gwarzuwar gasar, Chiamaka Nnadozie ce mai tsaron ragar da ta fi kowa. Ka ga, ban yi minti ɗaya ba. Wanne ne a cikin sunayen nan ya fi Gyökeres wuyar faɗa?

Da Super Eagles ne suka farke biyu suka ƙara ɗaya a wasan ƙarshe, da har yau ba mu yi barci ba. Da an yi waƙa, da 'yan adaidaita sun manna hotuna a bayan kekensu, da an haifi yara an sa musu laƙabi. Eagles ɗin da sau 3 suka taɓa ɗaukar kofin Afirka, 1980, 1994, 2013, waɗanda Ghana ta zo har Abuja ta hana su zuwa Qatar, mun san sunan kowa a cikinsu har da 'yan benci, mun san motar da suke hawa. Falcons kuwa tun da aka fara gasar kofin duniya ta mata a 1991 ba su taɓa rasa gurbi ba, ko sau ɗaya, amma har yau su ne "a wani labarin kuma".

Na san abin da za ku rubuto, na ma fara gani. Wai ai ba a kallon ƙwallon mata, ɗan jarida kuwa abin da ake so yake bayarwa. To wa ya haife ku da son Chelsea? Kakanninku ne suka bar muku gadon Real Madrid? Rediyon nan ce da gidajen kallo suka yi ta cusa muku su safe da yamma har kuka fara faɗa da 'yan uwanku a kan ƙungiyar garin da ko bizarsa ba za a ba ku ba. Abin da aka yi ta faɗa shi ake so. Ku faɗi sunan Okoronkwo kullum na wata ɗaya, ku ga in yaran layi ba su fara kiran junansu da shi ba.

Sai masu cewa babu 'yar Arewa a ciki, ina ruwanmu. Allah sarki. Ɗan Fagge nawa ne a Arsenal? Kuma kocin da ya kai su ga kofin nan, Justine Madugu, mutumin Adamawa ne. Akwai Nasarawa Amazons a Lafiya, akwai Adamawa Queens, suna nan suna buga gasar mata ta ƙasa ba wanda ya san ranar wasansu, saboda masu makirfo sun shagala da jita-jitar wa zai koma ina a Ingila.

Masu zancen sutura kuma, ina girmama wanda ya ce shi ba ya kallon ƙwallo kwata-kwata, ta maza da ta mata, saboda addininsa. Wannan ya tsaya a kan abu guda, ba ni da ja da shi. Amma kai da kake wuce sallar Magariba a gidan kallo, kana zura wa cinyoyin ƙarti ashirin da biyu ido, ga takardar cacar ƙwallo a aljihu, don Allah kada ka zama malami a kaina yau. Laifi tudu ne. Kuma ni ban ce ka kalla ba. Cewa na yi a faɗi suna. Faɗin cewa Asisat Oshoala ta zama gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka har sau 6 ba ya karya alwala. In ma suturar ce damuwar da gaske, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta, ita ce ta farko, ban ji shirin ya yi mata ko barka ba.

Abin dariyar, ranar da aka tuna da su ita ce ranar da Tinubu ya ce kowacce za ta samu dala 100,000 da gida mai ɗaki uku da lambar girma ta ƙasa. Nan take kowa ya zama masanin ƙwallon mata. Waya ta yi ta ƙara a shirin, kowa da lissafinsa a naira. Maganar cewa ga tsofaffin 'yan sanda na zanga-zangar fansho, ga malamai, ga asibitoci, magana ce mai nauyi, ni ma ina da tawa a kai. Amma ko a cikin zagin ma ba a kira sunansu ba. "Matan nan." Ina kuke a 2016, da suka doke Kamaru a Yawunde suka dawo suka ƙi fita daga otal a Abuja, har suka ɗauki kwalaye suka nufi Majalisa suna roƙon alawus ɗinsu? A 2019 ma a Faransa sai da suka sake zaman dirshan. Lokacin ba a buɗe layin waya ba.

Kuma ba yau aka fara ba. A Atlanta, 1996, Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 ta ɗauko wa Najeriya zinaren Olamfik na farko a tarihi. Washegari su Kanu suka doke Ajantina, sai aka manta da ita kamar ba a yi ba. Gidan da aka ba ta a Legas sai a 2021, bayan shekara 25. Tambayi duk wanda ke kusa da kai wa ya fara ciyo mana zinare, ka ji amsar da zai ba ka. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge, daƙiƙa 12.12, a 2022. D'Tigress ƙarƙashin Rena Wakama sun kai kwata fainal a Olamfik na Faris, abin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi. Duk waɗannan a bakin Malam sunansu ɗaya: 'yan mata.

Ba don kaina abin ya ci min rai ba. A waya muka kalli wasan nan ni da 'yata ta biyu, tunda gidan kallo ba wurin zuwanmu ba ne, muna ta addu'ar kada data ta ƙare. Da Echegini ta ci, yarinyar nan ta yi tsallen da sai da ta kifar min da shayin. Ranar Litinin ita ta kunna rediyon da kanta, tana ɗaura ɗankwalin makaranta tana jira ta ji an faɗi abin da ta gani. Da aka rufe shirin ta juyo ta ce, "Umma, ko bai san an yi wasan ba?" Ban san me zan ce mata ba. Suna linzami ne, yarinyar da ba ta taɓa jin an kira sunan mace a wurin bajinta ba, da me za a ja ta?

Ni ma fa na yi gudu. Mita 200, shekara uku a jere ba wadda ta sha gabana a gasar gidaje ta makarantarmu, kyautata bokitin roba da sabulun wanki sinƙi ɗaya. Bokitin ya daɗe a gidanmu, Hajiya tana jiƙa gero a ciki. Kwanaki na bi ta gaban makarantar, filin da muke gudun an yanka shi an jera shaguna, har da mai sayar da tayoyi daidai inda muke tsayawa a busa mana usur.

Af, tunda zancen ya zo nan, wa ya san inda zan samu takalmin gudu na yara lamba 35 mai sauƙin kuɗi? Na zaga Ƙofar Wambai ranar Asabar, gwanjon ma yanzu sai mai hali, wani ya kalle ni ido cikin ido ya faɗi kuɗin da ko takalmin aurena bai kai ba. Kada wanda ya ce min Sabon Gari, na je.