Nasiha ga masu yin Sallah a ƙasar waje

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwana mazauna Ingila da sauran ƙasashen Turai, akwai maganar da ba ta barin bakinmu in Sallah ta ƙarato: "Ai nan babu Sallah, sai mun je gida." Maigida ya faɗa, uwargida ta maimaita, yara na gefe suna ji. Mu ji tsoron Allah game da wannan magana.

Kewar gida ba laifi ba ce. Wanda ya tashi yana jin kabbara daga kowane lungu, ya saba da hawan Daushe a Kano ko hawan Bariki a Katsina, sai ga shi ya wayi gari ranar Idi a Manchester, ana yayyafi, motocin bas na kwasar mutane zuwa aiki kamar kowace rana, dole jikinsa ya yi sanyi. Sahabbai ma sun ɗanɗana. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da suka isa Madina zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. In zazzaɓin ya ɗan saki Bilal, sai ya ɗaga murya yana begen kwarin Makka da ciyayinsa da duwatsunsa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), addu'a ya yi: Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka, ko ma fiye. Kuma a can Madinar aka yi Idin farko a Musulunci, shekara ta 2 bayan hijira. Muhajiran da suka tsaya a sahu ranar sun baro gidajensu da dukiyarsu, wasu har da iyayensu. Ba wanda ya ce a dakata sai an koma Makka.

Abin da ya fi damuna yara ne. Tun watan Nuwamba yaronki yake ganin fitilun Kirsimeti a kan titi da kantuna, a makaranta ana wasan kwaikwayo, ana raba kyaututtuka, ga hutu wajen mako biyu. Sai tasa Sallar ta zo: Baba ya fita aiki tun asuba, Mama tana zaune da waya tana kallon hotunan 'yan uwa a gida tana share hawaye, shi kuwa an sa masa kayan makaranta. Me kike so ya ɗauka a ransa game da addininsa? Ranar da Sayyidina Abubakar ya tsawata wa 'yan mata biyu masu waƙa a ɗakin Nana A'isha, Annabi (SAW) cewa ya yi a ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta, wannan shi ne namu. Farin cikin ranar yana cikin addini.

Don haka, malam, ka nemi hutu tun da wuri. Gwamnatin Ingila ba ta ba da hutun Sallah, daga kwanakin hutunka na shekara za ka cira, kuma gara ka nemi kwana biyu saboda ganin wata. Dokar makarantun ƙasar ta amince yaro ya yi fashi don ranar ibada, sanar da makarantar kawai za ku yi. A ɗinko kaya ko da kala ɗaya ne, a yi lalle da kitso, a kwaɓa waina tun jajibere, a canjo 'yan fam sababbi na goron Sallah. A fita Idi da kowa, har mata da 'yan mata, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya. Mutanen Birmingham suna da filin Small Heath inda dubban Musulmi ke taruwa, masallatai da yawa kuma suna yin jam'i fiye da ɗaya da safe.

Batun wata kuwa, ka bi jama'ar garin da kake. Sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta mutanen Najeriya ce. Bai kamata miji ya sha ruwa yau, matarsa sai gobe, kowa na bin abin da ya gani a WhatsApp ba.

Layya ba a yanka ta a tsakar gida a Ingila, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, shi ya sa yawancinmu kan aika kuɗin rago gida. Alheri ne, iyaye da mabuƙata suna amfana. Amma wanda Allah ya hore wa, ya ba da suna wajen mahaucin halal ko da shekara ɗaya ce, ko naman sai rana ta biyu zai iso, yara su ga ana kasawa, su ɗauki kwano da hannunsu su ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

A kira iyaye a gaishe su, a nemi albarka, sannan a ajiye wayar. Kafin a zuba abinci kuma a tuna da ɗalibin da ya zo karatu shi kaɗai, da 'yar uwar da ta kwana aikin kula da tsofaffi ta dawo ɗaki ba kowa. Ba za su ce a gayyace su ba, kunya ba za ta bar su ba. Ku ne za ku kira.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.